Wa Ke Ƙirga Kuɗin Ƙaramar Hukumarmu?

  

Bari mu fara da 'yar jarrabawa mai tambaya uku, kowa ya amsa a zuciyarsa. Wane ne shugaban ƙasa? Wane ne gwamnan jiharku? Naira nawa aka ware wa ƙaramar hukumarku a watan jiya? Biyun farko ko ɗan aji uku na firamare zai amsa su yana tsalle. Ta ukun kuwa ku tafi da ita gida, ku yi wa Baba, ku yi wa Yaya mai digiri, ku yi wa maƙwabcinku da ba ya rabuwa da rediyo. Da wuya ku samu wanda zai ce muku ga adadin.

Alhali daga cikin waɗannan kuɗi ake biyan albashin malamin da ya koya mana baƙi da wasali. Daga cikinsu ake biyan ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi mai yi wa jarirai rigakafi, da masu kwashe shara, da gyaran kwalbatin da ke toshewa duk damina. Wanda yake ganin wannan magana ta manya ce, ya tambayi yaran firamaren gwamnati na Abuja. A shekarar 2025 sun shafe fiye da wata uku a gida, saboda malamansu sun tafi yajin aiki a kan rashin biyansu sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da wasu haƙƙoƙi da suke bin ƙananan hukumomin birnin guda shida. Kusan zango guda ya tafi a banza. Yaran nan ba su san mene ne kasafin kuɗi ba, amma a kansu abin ya ƙare.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Akwai wani babi da ake koyarwa a jami'o'i da kwasa-kwasan horar da ma'aikatan gwamnati, wanda za mu iya kiransa da Hausa sauko da ikon kuɗi ƙasa. Ma'anarsa ita ce, maimakon gwamnatin tsakiya ta riƙe duk kuɗin ƙasa ta kuma yanke kowace shawara ita kaɗai, sai a bar wa matakan da ke kusa da jama'a wani ɓangare na ikon tara kuɗi da kashe su. Hujjar ba ta da wuyar ganewa. Jami'in da ke zaune a ofis a Abuja ba zai san cewa famfon tuƙa-tuƙan ƙauyenku ya lalace tun bara ba, ko cewa unguwarku ta fi buƙatar magudanar ruwa a kan sabon ɗakin taro. Kansilan da kuke sallah sahu ɗaya da shi ya sani. In ma ya yi kamar bai sani ba, an san ƙofar gidansa.

Duk ƙasar da ta ɗauki wannan hanya sai ta amsa tambayoyi huɗu. Wane mataki ne zai yi wane aiki? Wane mataki ne zai karɓi wane haraji? Yaya za a raba abin da aka tara a tsakiya? Wa ke da ikon cin bashi, kuma har nawa? Masu darasin Gwamnati da na Tattalin Arziki ku riƙe huɗun nan, za su yi muku amfani a ɗakin jarrabawa.

A Najeriya amsar tambaya ta farko tana cikin Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999. A nan aka lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, banɗakunan jama'a, hanyoyin cikin gari da fitilunsu, magudanan ruwa, kwashe shara, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Sannan tana haɗa hannu da gwamnatin jiha wajen ilimin firamare da yaƙi da jahilci, da kiwon lafiya, da harkar noma. Ku sake duba jerin nan. Kusan duk abin da mutum ke taɓawa daga fitowarsa gida da safe zuwa komawarsa da yamma yana ciki.

Amsar tambaya ta biyu ita ce inda ƙaramar hukuma ta fi rauni. Abin da aka bar mata ta karɓa da kanta ƙananan kuɗi ne: kuɗin rumfar kasuwa, kuɗin tasha, kuɗin yanka a mahauta, lasisin keke da amalanke da baro, harajin gidaje, kuɗin allunan talla da na shaguna. Manyan hanyoyin kuɗi irin su man fetur, harajin kamfanoni da kuɗin kwastan duk gwamnatin tarayya ke karɓa. Shi ya sa mafi yawan ƙananan hukumominmu, musamman na karkara, idonsu na kan abin da zai zo daga Abuja a ƙarshen wata.

Yadda ake raba naira ɗari

Kowane wata kwamishinonin kuɗi na jihohi da jami'an gwamnatin tarayya suna zama a Kwamitin Rabon Arzikin Ƙasa, wanda kuke ji a labarai ana kira FAAC. Kuɗin da aka tara a Asusun Tarayya su ake rabawa. Bayan an cire ladan hukumomin da suka tattaro kuɗin, an kuma ba jihohi masu arzikin mai kashi 13 cikin ɗari na kuɗin man, sai a kasa ragowar uku. A cikin kowace naira 100, gwamnatin tarayya tana ɗaukar naira 52 da kwabo 68. Jihohi 36 suna raba naira 26 da kwabo 72. Ƙananan hukumomi 774 kuma su raba naira 20 da kwabo 60.

Ku ɗauko biro ku raba naira 20 da kwabo 60 gida 774. Abin da zai fito bai cika kwabo uku ba. Sai mutum ya ce ai abin bai taka kara ya karya ba. To, a watannin shekarar 2024 abin da kwamitin ke rabawa duk wata yakan haura naira tiriliyan 1. Mu ɗauka tiriliyan 1 ne cif, kuma duka da wannan ma'auni aka raba shi. Kason ƙananan hukumomi ya zama naira biliyan 206, wato in da rabon daidai-wa-daida ne kowace za ta samu kimanin naira miliyan 266 a wata guda. Ku ninka sau 12, ku ga abin da ya kama a shekara.

Amma ba daidai-wa-daida ake yi ba. Kashi 40 cikin ɗari ne kawai ake rabawa daidai. Kashi 30 yana bin yawan jama'a, kashi 10 girman ƙasa da yanayinta, kashi 10 ma'aunin ci gaban jama'a kamar ilimi da lafiya da ruwa, kashi 10 kuma ƙoƙarin tara kuɗin shiga na cikin gida. Wannan ne ya sa ƙidayar jama'a ke zama abin rigima a ƙasar nan, ya kuma sa ake yawan gardama a kan yawan ƙananan hukumomi: Kano tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna 23, Legas 20, Bayelsa kuwa 8.

Akwai kuma wani asusu daban, na harajin sayen kaya da ake kira VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun shekarar 2020. Daga wannan asusu ƙananan hukumomi suna samun kashi 35 cikin ɗari. A nan ne maganar ta zo har aljihunku. Duk lokacin da ɗalibi ya sayi katin waya ko data, akwai wannan haraji a cikin kuɗin da ya biya. Saboda haka in wani ya ce muku kuɗin gwamnati ne ba ruwanku, ku ce masa har da canjin kuɗin tararku a ciki. Ban da wannan, doka ta tanadi kowace jiha ta ba ƙananan hukumominta kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar da ta tara a cikin gida, ko da yake an daɗe ana kukan cewa jihohi da yawa ba sa cika wannan.

Daga Baitulmali zuwa kason Abuja

Kakanninmu ba baƙin wannan harka ba ne. A zamanin Turawa, ƙarƙashin mulkin En'e, kowace babbar masarauta tana da Baitulmalinta da Ma'ajinta. Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, tana cikin wuraren da aka fara wannan tsari. Mai unguwa da dagaci da hakimi su tara haraji da jangali, gwamnatin Turawa ta ɗauki kasonta, ragowar ya zauna a Baitulmali a biya albashin alƙalai da 'yan doka da malamai, a gina makarantu da asibitoci. En'e ta Kano ta yi ƙarfin da har ta sa kuɗinta a aikin ruwan famfo da wutar lantarki na birnin a farkon shekarun 1930.

Kada mu ɗauka zamanin jin daɗi ne. Ku tambayi tsofaffi yadda ake karɓar haraji a da: an ɗaure mutane, an shanya wasu a rana, wasu sun bar garuruwansu don gudun wulaƙanci. Talaka yana biya amma ba shi da bakin tambaya. Wannan zalunci yana cikin abin da jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta yaƙa, kuma da gwamnatocin PRP suka hau a 1979, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali.

Kafin nan, a 1976, gwamnatin soja ta yi gyaran da ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, guda 301, aka kuma ba su kaso daga kuɗin tarayya. Aka yi ta ƙara su har suka kai 774 a 1996. Sai dai an samu wani sauyi a tunanin mutane. A da kuɗin daga jikin talaka suke fita, yana jin zafinsu amma an hana shi magana. Yau yana da 'yancin magana, amma da yake kuɗin daga nesa suke zuwa, sai yake ganin kamar ba nasa ba ne. Abin da mutum bai ɗauka nasa ba kuwa ba ya bin sawunsa.

Asusun haɗin gwiwa da hukuncin Kotun Ƙoli

Sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulki ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kason ƙananan hukumomin zai sauka kafin a raba musu. Shekara da shekaru ana kukan cewa a wannan zango ne kuɗin ke ramewa. Ana cire na ayyukan haɗin gwiwa, ana cire na wannan hukuma da waccan, har shugabannin ƙananan hukumomi da yawa suka riƙa cewa in an biya albashi ba abin da ke saura a hannunsu. Jihohi da dama kuma suka daina yin zaɓe, suka koma naɗa kantomomin riƙo, duk da cewa Sashe na 7 ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi. Kantoman da gwamna ya naɗa, wa zai fi jin tsoro, gwamnan ko mutanen gari?

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, gwamnoni ba su da ikon riƙe shi, kuma ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓun shugabanni ke tafiyar da ita ba ba za a ba ta kason ba. Bayan hukuncin jihohi da yawa suka yi rige-rigen shirya zaɓe, amma batun biyan kuɗin kai tsaye ya yi ta tafiyar hawainiya watanni da yawa.

Mutane da dama sun yi murna, kuma suna da dalili. Amma adalci ne mu ji ta bakin masu ɗari-ɗari. Ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ta daɗe tana cewa kada a bar albashin malaman firamare a hannun ƙananan hukumomi, domin ba ta manta da farkon shekarun 1990 ba, lokacin da aka miƙa musu wannan nauyi malamai suka yi watanni ba albashi. Akwai kuma masu cewa in dai hukumomin zaɓe na jihohi ne za su ci gaba da shirya zaɓen, inda aka saba ganin jam'iyya mai mulki ta cinye kusan duk kujeru, to gwamna zai ci gaba da juya akalar ko da kuɗin ba su bi ta hannunsa ba.

Ra'ayinmu a wannan fili shi ne: daidai ne kuɗin su sauko kusa da jama'a. Amma sauya hannun da ke riƙe da jaka bai isa ba. In aka ɗauke ta daga gidan gwamnati aka kai sakatariya, alhali babu ƙwararren da zai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, babu kuma ɗan gari da zai iya karanta abin da aka rubuta, to an dai matso da ɓarnar kusa da gida ne kawai.

Aikin ma'aji ba ƙirga takardun naira ba ne

A nan maganar horo ta shigo. Tafiyar da kuɗin ƙaramar hukuma sana'a ce da ake koya. Don mu gane ta, mu ɗauki misalin da kowa ya sani. A ce 'yan ajinku 50 sun yarda kowa ya ba da naira 200 don shirya walimar ƙarshen shekara. Kuna sa ran naira 10,000 ke nan. Wannan shi ne hasashen kuɗin shiga. In mutum 35 kawai suka biya, naira 7,000 ce a hannu, kuma duk wanda ya riga ya yi odar kayan 10,000 ya jefa ajin cikin bashi. Kuskure na farko da ake koya wa ma'aji ya guje wa ke nan: gina kasafi a kan kuɗin da ake fata maimakon waɗanda ake da tabbacin samu.

Sai ku zauna ku rubuta abin da za a saya da farashinsa, aji ya amince. Kasafin kuɗi ke nan, kuma a ƙaramar hukuma majalisar kansiloli ce ke da haƙƙin amincewa da shi. Kasafin kashi biyu ne. Akwai kuɗin yau da kullum, wato albashi da man mota da takardun ofis, waɗanda suke ƙarewa a wata su sake dawowa. Akwai kuma na manyan ayyuka, wato gina aji ko haƙa rijiya ko yin kwalbati, abin da zai daɗe ana mora. Ƙaramar hukumar da kashi na farko ya cinye mata kusan komai ta zama ofishin biyan albashi kawai.

Sannan a ajin naku, wanda ya karɓi kuɗin ba shi zai je kasuwa shi kaɗai ba, kuma wanda ya je kasuwar ba shi zai duba rasit ɗin kansa ba. Haka ake yi a sakatariya in ana bin ƙa'ida. Mai karɓar kuɗi daban, mai ba da izinin biya daban, mai binciken cikin gida daban. Kowane biya sai da takardar da ta nuna wa aka biya, nawa, don me, wa ya sa hannu. A ƙarshen wata a gwada littafin ma'aji da bayanin banki a ga ko sun yi daidai. A ƙarshen shekara kuma Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi na jiha ya duba littattafan ya kai rahoto Majalisar Dokokin jiha. Wannan rabon aiki ba rashin yarda da mutum ba ne. Kariya ce ga mai gaskiya, domin ranar da aka zarge shi takarda ce za ta wanke shi.

Ina ake koyon wannan? Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin ƙananan hukumomi a harabarta ta Kongo a Zariya, wurin da tun zamanin En'e ake horar da akawuna da ma'aikatan mulki. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da Jami'ar Najeriya da ke Nsukka su ma sun daɗe a wannan fanni, haka nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Mai son zama ƙwararren akanta akwai ƙungiyoyin ICAN da ANAN, kuma ICAN tana da matakin share fage da wanda ya gama sakandare da kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, zai iya shiga. Ga ma'aikatan da ke kan aiki kuma, an daɗe ana cire kashi 1 cikin ɗari na kason ƙananan hukumomi domin horar da su, ta hannun hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha. Ko wannan kashi ɗaya ma ya cancanci a tambayi inda yake tafiya.

Da yawa daga cikinmu in aka ce me kake so ka zama, sai likita, sai injiniya, sai lauya. Duk suna da kyau. Amma likitan da aka tura asibitin ƙauye ba zai samu magani a kan kanta ba in ma'ajin bai iya aikinsa ba. Ƙananan hukumomi 774 ne, kowace tana buƙatar ma'aji, mai tsara kasafi, mai bincike da masu tara kuɗin shiga. 'Yan mata musamman, kada ku ce wannan layin maza ne. Wadda ta iya riƙe adashin aji ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ta riga ta fara.

Abin da ya faru a Yuganda

Horar da na cikin ofis rabin aiki ne. Ragowar rabin shi ne na waje su iya karatu. A ƙasar Yuganda gwamnati tana tura wa makarantun firamare wani tallafi gwargwadon yawan ɗalibansu, ta hannun hukumomin gundumomi. Da aka bi sawun kuɗin na shekarun 1991 zuwa 1995, sai aka gano kashi 13 cikin ɗari ne kawai, a matsakaici, ke isa makarantun. Sauran suna maƙalewa a hanya, kuma makarantu da yawa ko sisi ba sa gani. Iyaye ba su yi ƙorafi ba domin ba su ma san an turo ba.

Sai gwamnatin ta fara buga adadin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu duk wata, ta kuma umarci makarantu su riƙa liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa. Da aka sake bincike a 2001, abin da ke isa makarantu ya kai kimanin kashi 80 cikin ɗari. An yi wasu gyare-gyaren a tsakani, amma masu binciken sun lura cewa makarantun da suka fi kusa da inda ake sayar da jarida su suka fi samun ƙarin. Hedimasta da iyayen yara sun san adadin, sai tambayarsu ta yi nauyi. Akwai bambanci tsakanin mai cewa “ana cin kuɗinmu” da mai cewa “an turo kaza ranar kaza, mun ga kaza, ina sauran?” Na farko ana iya share shi. Na biyu dole a nemo masa amsa.

Aikin gida

A Najeriya adadin ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Ofishin Akanta Janar na Tarayya suna wallafa rahoton rabon wata-wata a intanet, har da abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma da sunanta. Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukuma, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu dubawa.

Saboda haka ga aikin gidanmu na wannan mako. Na ɗaya, ku nemo sunan mazaɓarku da na kansilanku. Na biyu, da taimakon malamin Gwamnati ko na Lissafi, ko wani yaya mai waya, ku nemo abin da aka ware wa ƙaramar hukumarku na wata uku a jere, ku rubuta a bayan littafinku. Na uku, ku zagaya unguwarku ku lissafa abu biyar da ke cikin jerin ayyukan da muka kawo a sama, ku rubuta halin da kowanne yake ciki. Na huɗu, ku kai wa ƙungiyar muhawara ta makarantarku wannan batu: shin a bar albashin malaman firamare a hannun ƙaramar hukuma ko a mayar da shi jiha? Kowane ɓangare yana da hujja, kuma duk wanda ya shirya wa muhawarar da gaske zai fito ya fi manya da yawa sanin harkar.

Makarantar da ke da hali tana iya rubuta wasiƙa ta hannun shugabanta, ta gayyato ma'aji ko kansila ya zo ya yi wa ɗalibai bayanin kasafin bana. A tambaye shi cikin ladabi, kamar yadda ake tambayar uba. Ba zagi muke koya muku ba, ba kuma zargin kowa ba tare da hujja ba. In adadi ya ɗaure muku kai, ku tuna cewa albashin malamai da ma'aikatan lafiya da 'yan fansho yana cin kaso mai yawa, ku nemi a nuna muku nawa ne kafin ku yanke hukunci.

'Yan aji shida na sakandare, yawancinku shekara ɗaya ko biyu ta rage ku cika 18 ku karɓi katin zaɓe. Ranar da ɗan takarar kansila zai tsaya a ƙofar gidanku yana neman ƙuri'a, muna so ya tarar da wanda zai tambaye shi nawa ke shigowa da yadda zai sa ido a kai.

Duk wanda ya samo adadin ƙaramar hukumarsa ya aiko mana ta hannun editan wannan shafi, tare da sunan makarantarsa da ajinsa. Za mu kawo waɗanda suka fi tsari a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Mu kwana nan, a gaida malamai.